Gawa Mai Numfashi

Babana mai gyaran fanka ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya kai shi son fim marar kyau ba. Ba wai bai san mai kyau ba ne, ya sani sarai. In ka saka masa fim ɗin da aka kashe wa dukiya, hoto tangaran, magana tsaf, kafin jarumi ya gama gaisuwa ya fara gyangyaɗi. Amma ka kawo masa wanda aka ɗauka a bayan gidan wani, wanda zakin cikinsa kare ne aka ɗaura wa tsumman goge ƙasa a wuya, to ka gama masa komai. Zai gyara zama, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Yauwa. Waɗannan sun yi aiki."

Shagonsa ɗan siriri ne, an matse shi tsakanin mai aski da mai sayar da bokitai. In ka shiga sai ka bi a karkace. Fankoki ne ko'ina, wasu ba kai, wasu ba ƙafa, fikafikansu rataye a jikin ƙusoshi, ga warin ƙonannen kwayil, wato naɗin wayar cikin fanka, da ya kama bango ya kama rigunansa. Tun yana saurayi yake wurin. Mutum ne marar magana. Ka kawo masa fanka, ba zai tambaye ka abin da ya same ta ba, sai ya jona ta, ya karkata kunne, ya ce ka dawo jibi. In ka dawo jibi kuwa ka same ta tana juyawa. Iyakar hirarsa da duniya ke nan.

Mama ce mai maganar gidan. Tela ce, kekenta na falo kusa da taga, tana ɗinki tana zance, in ba kowa ta yi da keken. Fanka ce ma ta haɗa su. Tana budurwa ta kai masa ta gidansu gyara, ya gyara, ta dawo da ita wai tana ƙara. Ya sake gyarawa, ta sake dawowa. Sai bayan an haifi Yaya ta faɗa masa ita ke kwance noti ɗaya da hannunta kafin ta fito. Ya ce ai ya sani, don kullum notin ɗaya ne.

Mu biyu suka haifa, Yaya da ni. Ni ce Auta, kuma har yau da nake da nawa ɗakin ba wanda ke kirana da wani suna a gidan.

Harkar fim ta shigo mana ne ta hanyar wani mai sayar da faya-fayai da ke layin shagon Baba. Da zai tashi daga wurin, ya bar wani kwali cike da waɗanda ko kyauta aka ƙi karɓa. Baba ba ya iya ganin abu a yashe. Ya ɗaure kwalin a bayan keke ya kawo gida. Mama ta yi ta faɗa, wai fankokin da suka mutu ba su ishe shi ba sai ya kwaso mata wani tarkacen. Ranar hutu bayan an ci abincin rana ya saka ɗaya. Fim ne na mayaƙan zamanin da, kowa da takobi da fatar dabba. Mama na ɗinki ta ba wa talabijin baya. Jarumi ya ɗaga takobi zai yi rantsuwa da kakanninsa, sai agogo ya ƙyalla a hannunsa. Baba ya ce a hankali, "Kakannin nan za su jira, ƙarfe uku bai yi ba." Mama ta waiwayo, ta gani, ta kifa kai a kan keke tana dariya har zare ya tsinke.

Shi ke nan, an samu abin yi. Kowace ranar hutu, in an ture kwanuka, sai a jawo kwali. Sunayen da ke jikin faya-fayan ba ruwansu da su, nasu suka raɗa. Akwai Mai Agogo. Akwai Zakin Tsumma. Akwai wanda fatalwa ta buga goshi da ƙofa ta ce wash. Akwai wanda jar mota ta faɗa rami, da ta fashe sai ga ta fara. Kuma sun raba aiki. Baba bayan fage yake kallo: igiyar da ta riƙe mai tashi sama, inuwar mai kyamara a bango, fankar sama a fadar wani sarkin da ya mutu tun kafin a san wuta. Har yakan ce fankar can boris ɗin da take juyawa a kai ya tafi, ji yadda take layi. A nan kaɗai nake jin muryar Baba ta yi tsawo.

Mama kuwa gawa ce tata. Da zarar an kashe wani a fim ta daina kallon kowa, ta kafe gawar da ido. Duk gawar fim ɗin banza tana da abin da za ta yi. Wata ƙifta ido, wata haɗiye yawu, wata gyara ƙafa in ta ga kamar kyamara ta wuce. Mama na gani za ta nuna da almakashi ta ce, "Ta motsa." Suka mai da shi wasa: wanda ya riga faɗa ya ci, wanda aka cinye shi ke dafa shayi. Ni tun da na yi wayo ban taɓa ganin Mama ta dafa shayin ranar hutu ba.

Sarkin faya-fayan duka shi ne wanda suke kira Gawa Mai Numfashi. Wani attajiri aka kashe tun a farko, aka shimfiɗe shi a kan tebur a tsakiyar falo, sauran fim ɗin duk iyalinsa ne ke rigima a kansa. Wanda aka ba aikin gawar kuwa ƙaton mutum ne mai tumbi. Mayafin da aka rufa masa hawa yake yana sauka, hawa yana sauka, a gaban kowa, 'ya'yansa na kuka suna cewa ya tafi ya bar su. Can ƙuda ya sauka a hancinsa, ya murɗa hanci. Can matarsa ta faɗo masa a ciki tana kururuwa, gwiwarsa ta yi sama. Sun kalli fim ɗin nan har faifan ya fara tsalle, amma kowane kallo kamar na farko. Mama har ƙwalla take sharewa da ƙyallen ɗinki. Baba tasa dariyar ba ta da sauti, kafaɗunsa ne kawai ke rawa.

Ni abin haushi yake ba ni, ba zan ɓoye ba. Ina budurwa, ƙawayena su zo su tarar da iyayena suna kallon kare da tsumma a wuya. Wata rana na ce, "Wai don Allah ku ba ku gajiya da wannan shirmen? Ga finafinai na mutane a duniya."

Mama ta ce, "Ke dai ba ki san daɗi ba. Mai kyau ai kowa ya iya kallonsa."

Baba bai ɗauke ido daga talabijin ba ya ce, "Dubi bawan Allahn nan, Auta. Iyakar ƙoƙarinsa yake yi ya mutu, cikinsa ya ƙi."

Na yi tsaki a zuci na shige ɗaki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mama takan cika baki wai da ita aka ba aikin gawa, ko gashin idonta ba zai motsa ba. Baba ya ce a gwada. Ta kwanta a kan darduma a tsakiyar falo, ta ja zane ta rufe har ka, tafin ƙafarta a waje. Gaskiya ta iya riƙe numfashi, ka rantse ba kowa a ƙarƙashin zanen. Baba ya zagaya ta, ya yi gyaran murya, ya faɗi abin dariya, shiru. Sai ya tsuguna ya ja yatsa ɗaya a tafin ƙafarta, daga diddige zuwa sama. Ta wantsala tana dariya tana dukansa da matashi, wai ya yi maguɗi. Ya ce, "Ta motsa." Sun yi wannan wasan ba adadi, har bayan gashinsu ya yi fari, kuma kullum a tafin ƙafa take faɗuwa. Takan tashi tana gyara ɗankwali ta ce, "Bar ganin haka, wata rana sai na cinye ka."

Ciwonta bai daɗe ba. Ta fara cewa numfashinta na yi mata nauyi in ta taka keke, aka kai ta asibiti, aka kwantar. Wata safiya ina zaune a gefen gadon ina ɓare mata lemo ta cika. Ba wani abu na gani ba, kawai dai hannunta ya saki bakin zanen da take murzawa. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, ta kira likita, ya duba, ya faɗi abin da suke faɗa. Aka ja mayafi aka rufe ta har ka. Mayafin asibiti gajere ne, ƙafafunta suka fito.

Ban ji komai ba. Na tuna ina kallon silifas ɗinta a ƙarƙashin gado ina tunanin ko a leda zan saka su ko a jaka. Lemon yana hannuna, rabi a ɓare.

Baba na tsaye a ƙarshen gadon. Ƙirjinta yake kallo ta saman mayafin, irin kallon da yake wa fanka in ya jona ta yana jira. Ya daɗe a haka, har ma'aikaciyar ta fara gyara tsayuwa. Sai ya sunkuya, ya miƙa yatsa ɗaya, ya ja a tafin ƙafarta daga diddige zuwa sama. Ya jira. Ma'aikaciyar ta dube ni, ni kuma na dubi silifas. Ya miƙe ya ja mayafin ya rufe ƙafafun, kanta ya ɗan buɗe, ya koma ya gyara can.

Bai yi kuka ba, ranar ko bayanta. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba masa, wai ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Ni na san ba haƙuri ba ne. Mutumin ne ba ya nan. In ka ajiye masa abinci ya ci, in ba ka ajiye ba bai tambaya. In ka ce Baba sannu, ya ce yauwa. Da safe ya saka rigar aiki ya tafi shago, da yamma ya dawo hannunsa fes, ba ko ɗigon baƙin mai. Mai aski ya tare ni a hanya ya ce, "'Yata, tsohon nan fa buɗe fanka yake ya zauna yana kallonta har a tashi. Mutane sun fara zuwa suna kwashe kayansu." Na ce to. Na gode masa. Ni ma a lokacin in an faɗa mini magana sai ta tsaya a bakin kunne, ba ta shiga. Ina zuwa gidan kullum in na tashi daga aiki, in share, in dafa, in zauna. Talabijin na rufe da ƙyallen da Mama ta yi wa ado a baki, keken ɗinki ma a rufe. Mu zauna mu biyu fankar sama na juyawa, har in ce zan tafi, ya ce yauwa.

Da abin ya ja, Yaya ya zo daga garin da yake aiki. Ya kwana biyu yana kallon Baba, sannan ya kira ni kicin ya ce zai tafi da shi. Za a rufe shago, a saki gidan, Baba ya koma wurinsa, akwai ɗaki a sama kusa da na yara.

Na ce, "Ka raba shi da shagon nan da falon nan, me ya rage?"

Ya ce, "Yanzu me ya rage? Ke kina ganinsa kullum, shi ya sa ba ki gani. Jiya na bar ruwa a kan wuta, yana zaune yana kallo har tukunya ta ƙone. Wata rana gidan zai kama yana ciki."

"Ka ba shi lokaci."

"Auta, nuna mini alama ɗaya cewa yana tare da mu, wallahi in bar shi. Ɗaya tak."

Ba ni da ita. Yaya ba mugu ba ne, gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na san in Baba ya hau benen nan ya zauna a ɗakin da ba warin kwayil, ba taga mai keke, ba zai sauko da ƙafarsa ba. Na sani kamar yadda na san sunana, amma ko faɗa na kasa yi da kyau. Aka faɗa wa Baba. Ya ce yauwa.

Ranar hutu muka fara haɗa kaya. Yaya ya je shago ya kwaso kayan aiki, filaya da sukundireba da ƙarfen narka dalma, ya zuba a akwati, wai ko Baba zai so ya riƙa ganinsu. Ni ina falo ina ware na ɗauka da na bayarwa. Baba na kan kujerarsa, hannuwa a kan gwiwa. Na jawo kwalin faya-fayai daga ƙarƙashin teburin talabijin, duk ƙura. Yaya ya leƙo ya ce wannan kam bola.

Wanda ke sama shi ne mai fasasshen murfi, wanda Mama ta ɗaure da ƙyalle don kada ya rabu. Na san shi ko a duhu, Gawa Mai Numfashi ne. Na riƙe shi ina juyawa. Ba zan ce dabara ce ta zo mini ba. Na dai ga yamma ce ta ranar hutu, an ci abinci, an ture kwanuka, kuma wannan ce ta ƙarshe a falon. Na yaye ƙyallen talabijin na saka.

Yaya ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ke kina da hankali kuwa? Fim ɗin gawa za ki saka masa?"

Na zauna a ƙasa da rimot a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Kiɗan nan mai kama da ana jan kujera ya tashi. Aka harbi attajiri a kafaɗar dama, ya dafe ta hagu, ya duba inda zai faɗi, ya faɗi. Na saci kallon Baba. Idonsa na kan talabijin, amma haka yake kallon bango ma. Aka shimfiɗe gawa a kan tebur, aka rufa mayafi, 'ya'ya suka kewaye. Tumbi ya hau, ya sauka. Ya hau, ya sauka.

Daidai nan ne muryar Mama takan shigo a da. Falon ya yi tsit, sai kukan ƙaryar da ake yi a talabijin. Ban taɓa sanin fim ɗin nan yana da tsawo haka ba. Ƙuda ya zo ya sauka a hanci, hanci ya murɗa. Baba bai ko ƙifta ba. Yaya ya sauke numfashi daga bakin ƙofa, irin na na faɗa miki. Na ji kunya ta kama ni, da gajiya. Na ɗaga rimot zan kashe.

"Ta motsa," in ji Baba.

A hankali ya faɗa, muryar a dushe kamar ta wanda ya tashi daga barci. Hannuna ya tsaya a sama. Bai dube mu ba.

"Tun ɗazu ta motsa," ya ce. "Na jira ne. Ita ke faɗa."

A talabijin matar attajiri ta faɗo kan tumbi, gwiwa ta yi sama.

"Na duba ta a asibiti, Auta. Kin gan ni. Na duba sosai, ban yi gaggawa ba. Ƙirji, ido, maƙogwaro. Har ƙafa na gwada." Ya cire tabarau ya riƙe, bai goge ba. "Ko gezau. Duk gawarwakin da muka kalla ni da ita, ba wadda ta iya kamarta."

Ya nuna talabijin da tabarau. "Mayar baya. Wurin tumbin."

Na mayar. Mayafi ya hau, ya sauka. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya zuba wa ƙaton nan ido, mutumin da aka ce ya mutu cikinsa ya ƙi, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka dariyar nan tasa ce marar sauti. Wataƙila da ita ya fara. Sai ga sauti ya fito, wani irin sauti da ban taɓa ji a bakinsa ba, ya sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan tabaran da ke hannunsa. Ni ina zaune da rimot. Abin da ya tsaya mini a bakin kunne tun ranar lemon nan sai lokacin ya shiga, ya sauka har ciki, kuma da zafi ya sauka. Mama ta mutu. A wurin na sani.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Fim ya ci gaba da shirmensa ba mai kallo. Da na ɗago, Yaya ba ya bakin ƙofa. Yana tsugune gaban akwati, ya ba mu baya, yana fito da filaya da sukundireba ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan tebur. Ya daɗe yana jera abin da bai kai a daɗe ba.

Baba ya share fuska da bakin riga, ya mayar da tabarau, ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya nufi kicin. Na yunƙura na ce, "Baba, me kake so? Bari in kawo maka."

Ya ce, "Zauna. Ta ce wata rana sai ta cinye ni." Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana laluben makunnin fitila. "Wanda aka cinye shi ke dafa shayi."

Muka ji ya ɗauraye butar, ya ɗora, ya tsaya a kanta har ta tafasa. Ya fito da tire ya ajiye a tsakiyar falo. Kofi huɗu ne a kai. Ya zuba uku, ya tsaya da butar a kan na huɗun, mai ɗan tsagin baki, wanda ba mai sha da shi sai ita. Sannan ya zuba shi ma, ya tura shi gefen keken ɗinki, ya zauna ya ce in saka Mai Agogo.